Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba



Kwanan baya muna cikin shirinmu na gidan radiyo, wanda jama'a ke bugo waya suna faɗin farashin kaya a kasuwanninsu, sai wata uwa mai sarin albasa ta kira. Ba farashi ta zo faɗi ba. Ta ce ta ɗauki kaya a Galmi, ta tashi tura wa mai albasar cikon kuɗinsa, jika saba'in da biyar, ta salula. Lambar mutumin na rubuce a takarda, ɗanta ne ke danna wayar, ita kuma tana tsaye a kansa. Lambobi biyu suka sauya wuri, na gaba ya koma baya, na baya ya zo gaba. "Wallahi ɗana," in ji ta, "mun ga kuskuren da idonmu, amma sai bayan da kuɗin sunka tashi." Sun kira mai lambar, ya ɗauka sau ɗaya, daga nan wayar a kashe. Muka ce, "Inna, Allah ya mayar miki da alheri," muka wuce ga mai kira na gaba.

Waɗanda suka bugo bayanta kusan duk bakinsu ɗaya. Wannan ya ce gaggawa ce, wancan ya ce rashin karatu ne, wani ma ya ce yaron ne ya kamata a tuhuma. Mu dai ba mu gamsu ba, shi ya sa muka ɗauko alƙalami. Ra'ayinmu shi ne, hannun ɗan Adam ba ya rabuwa da kuskure, na malami ko na jahili. Saboda haka duk na'urar da ke karɓar rubutu daga hannun mutum, ta kuma aikata abin da ba ya dawowa, wajibi ne ta ba shi damar ya duba ya gyara kafin ta aikata. Wannan ba alfarma ba ce, haƙƙi ne. Kuma ba mafarki muke ba, domin masu ƙera manhajar kwamfuta sun yi wa kansu maganin wannan ciwo fiye da shekara 30 da suka wuce, sun kuma ajiye maganin a fili kyauta. Bari mu ba ku labarin, sannan mu dawo kasuwa.

Baƙin allo mai layi ɗaya

Wani ƙanenmu da ke karatun kwamfuta ne ya fara nuna mana abin. Ya buɗe wani baƙin allo, babu hoto, babu ado, sai wani ɗan haske da ke ƙyaftawa a farkon layi. A nan ne masu aikin ke rubuta wa na'ura umurni kai tsaye. Ka rubuta layi guda, ka danna maɓallin aikawa, ita kuma ta aikata. Ka ce ta kwafe, ta kwafe. Ka ce ta share aikin shekara guda, ta share, ba ta tambayarka ko lafiya. Muna gani muka ce masa, ai wannan shi ne abin da muke yi kullum a salula in za mu sa kiredi ko mu tura kuɗi: tauraro, lambobi, diyez, aika. Ya yi dariya ya ce haka ne, bambancin kawai shi ne su an gyara musu nasu layin, mu ba a gyara mana namu ba.

A shekarun 1960 galibi kwamfuta ba ta da allo ma. Ana magana da ita ne ta wata na'ura mai kama da telex ɗin da dattawa suka sani a gidajen waya. Wadda ta fi shahara ita ce Teletype samfuri na 33, da ta fito a 1963, tana buga harafi goma a daƙiƙa guda a kan takarda. To, abin da tawada ta riga ta buga ba ya goguwa. Da aka ƙirƙiro tsarin Unix a ɗakunan binciken Bell da ke Amurka a 1969, dabarar da aka yi amfani da ita ita ce, in ka yi kuskuren harafi sai ka buga alamar #, na'ura ta gane cewa harafin da ke bayanta ba ya cikin lissafi. In layin ya lalace gaba ɗaya sai ka buga alamar @, ka faro daga farko. Ku duba ikon Allah: diyez ɗin nan da muke rufe lamba da shi mu tura kuɗi, a wancan zamani shi ne magogin kuskure.

Ko da allo ya zo ya maye gurbin takarda, wahalar ba ta ƙare ba. Ana iya gogewa, amma daga ƙarshen layi kawai. In kuskurenka na farkon layi, sai ka goge duk abin da ka rubuta daidai kafin ka kai gare shi, tamkar telan da zai warware riga ɗungurungum don ya gyara ɗinki ɗaya a wuya. Kowane mai rubuta manhaja sai ya ƙirƙiro tasa dabarar, maɓallin da ke aiki a nan ba ya aiki a can, wasu kuma su ƙi wahalar da kansu su bar mai amfani da halinsa.

Injin niƙa na unguwa

Maganin da aka samo shi ne abin da suke kira laburare, ko da yake ba littafi ko ɗaya a cikinsa. Mu rumbu za mu kira shi: rumbun dabaru da aka rubuta sau ɗaya, aka gwada, aka ajiye, duk mai buƙata ya ɗiba. Iyayenmu mata za su fi kowa ganewa. Ba kowane gida ke sayen injin niƙa ba. Inji ɗaya ne a unguwa, mai tuwo ta kai, mai fura ta kai, mai ƙosai ta kai, kowa ta koma ta dafa abin da ta iya. Haka rumbun gyaran layi yake. Mai rubuta manhajar lissafi, ko ta ajiyar bayanai, ba sai ya ɓata lokacinsa kan yadda za a goge harafi ba. Sai ya ce wa rumbun, karɓo mini layi guda daga hannun mutumin nan, in ya gama gyare-gyarensa ya gamsu ka miƙo mini.

Mafi shahara a cikin waɗannan rumbuna shi ne Readline. Wani baƙar fatar Amurka mai suna Brian Fox ne ya rubuta shi a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da yake aiki da gidauniyar manhaja mai ƴanci da Richard Stallman ya kafa a 1985. Ya yi shi ne tare da Bash, wato manhajar da ke karɓar umurni a baƙin allon nan, wadda ta fito a 1989. Daga baya wani ma'aikacin jami'a a birnin Cleveland, Chet Ramey, ya karɓi ragamar, ya kwashe fiye da shekara 30 yana kula da su.

Abubuwa huɗu Readline ya ba mai rubutu, kuma muna roƙon ku riƙe su, domin su ne jigon maganarmu.

Na farko, yawo a cikin layi. Kana iya komawa farko, ka tsallaka ƙarshe, ka tsaya a tsakiya ka cire harafi ɗaya ka sa wani, sauran rubutun na nan bai taɓu ba. Babu abin da zai tafi sai ka ce ya tafi.

Na biyu, tuna baya. Layin da ka rubuta jiya ko shekaranjiya yana ajiye. Ka danna kibiyar sama ya dawo, ka duba, ka sauya abin da ya kamata, ka aika. Bash kan riƙe layi 500 tun kafin mai shi ya nemi ƙari. Abin da ka taɓa rubutawa daidai ba sai ka sake jefa kanka cikin haɗarin rubuta shi ba.

Na uku, cikasa suna. Ka buga haruffan farko na abin da kake nufi, ka danna maɓallin da ake kira Tab, na'ura ta ƙarasa maka. Ga kuma inda hikimar take: in sunaye biyu ko uku suka fara da haruffa iri ɗaya, ba ta yi maka canki-canki. Sai ta tsaya, in ka sake dannawa ta jero maka su duka, ka zaɓa da kanka.

Na huɗu, janye gyara. In garin gyara ka ɓata, akwai maɓallin da zai mayar da layin yadda yake.

Ba Readline kaɗai ke fagen ba, kuma dalilin haka zai ba ɗan kasuwa sha'awa. An sake shi ne da sharaɗin lasisin GPL: ɗebi kyauta, amma in ka haɗa shi da taka manhajar ka raba wa jama'a, dole kai ma ka buɗe taka a kan sharaɗi guda. Kamar rijiyar da aka ce kowa ya sha, amma wanda ya zo da guga ya bar wa na baya su ja da ita. Wasu kamfanoni ba su so haka ba, sai suka koma ga wani rumbun mai suna libedit, na mutanen BSD, wanda sharaɗinsa bai wuce a ambaci masu shi ba. Shi ne kamfanin Apple ya sa a cikin kwamfutocinsa. A 2010 kuma wani ɗan Italiya, Salvatore Sanfilippo, ya duba ya ga Readline ya kai layin rubutu kusan dubu 30, libedit kusan dubu 20, ya ce aikin bai kai haka nauyi ba. Ya rubuta nasa mai suna linenoise da layi wajen dubu ɗaya, kuma ya yi aiki. Darasin da muka ɗauka a nan shi ne, ba wa mutum damar gyara ba abu ne mai tsada ba. Mutum ɗaya ya yi shi, ya bayar kyauta.

To mu fa?

Mu dawo gida. Salula ta shigo Nijar a farkon shekarun 2000. Celtel ta koma Zain a 2008, ta koma Airtel a 2010. Orange ta zo a 2008, aka sayar da ita a 2019 ta zama Zamani. Ga Moov, ga Niger Telecom. Babu mai musun alherin da waya ta kawo wa kasuwa. Wata mai bincike da ke jami'ar Tufts a lokacin, Jenny Aker, ta nuna cewa tsakanin 2001 da 2006 shigowar salula ta rage tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwannin ƙasar nan da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. A jiharmu ta Tawa ma aka yi ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko na raba tallafi ta waya, a 2010, bayan fari, inda ƙungiyar Concern ta riƙa tura wa matan wasu ƙauyuka kuɗi ta tsarin Zap. Yau ga gidajen aika kuɗi irin su Nita, Amana da Al Izza a bakin kasuwanni da tashoshi. Direban da ya yi lodin siminti a Malbaza, ko mai albasar da kayansa suka nufi Abijan, ba dole ne ya ɗaure kuɗi a ƙugu ba kamar da.

Sai dai hanyar da mai ƙaramar waya ke bi, wato tauraro da diyez, wadda masana ke kira USSD, ta fi kama da zamanin takarda da tawada fiye da zamanin Brian Fox. Saƙo ɗaya ba ya wuce harafi 182. Na'urar kamfani ce ke tambaya mataki-mataki, kuma tana ƙirga lokaci. In ka tsaya duba takarda, ko mai saye ya yi maka magana, ko rezo ya yi rauni, sai layin ya yanke ka faro daga farko. Wannan ƙirgar lokaci ita ce uwar gaggawar da ake zargin mutane da ita. Kana iya goge lamba muddin kana cikin akwatin da kake rubutu, amma da zarar ka wuce mataki, a galibin tsare-tsaren gyaran abu ɗaya na nufin rushe duka. Mutumin da ya riga ya faro sau uku, ga layin masu saye a gabansa, a karo na huɗu ba zai tsaya karatu ba. Sannan wanda ka tura wa kuɗi sau ashirin, a karo na ashirin da ɗaya ma sai ka sake buga lambobinsa takwas ɗaya bayan ɗaya, kamar ba ku taɓa haɗuwa ba.

Akwai kuma wata matsala da ta keɓanta da mu, wadda mai zaune a ofis bai cika tunawa da ita ba. Kasuwa da dala take lissafi, na'ura kuma da faran. Dala ɗaya faran biyar ce. In Hajiya ta ce ɗari biyu, jika guda take nufi, wato 1.000 a bakin na'ura. In ta ce dubu, na'ura 5.000 take son gani. Ke nan duk mai tura kuɗi yana yin fassara a kansa kafin yatsansa ya taɓa waya. Ƙara da sifiri: jika hamsin 50.000 ne, sifiri ɗaya ya ƙaru ya zama rabin miliyan, ɗaya ya ɓace ya zama jika biyar, a zo ana rantse-rantse tsakanin mutanen da suka shekara goma suna ciniki. Wanda kuma ke tsallaka iyaka zuwa Illela ta Najeriya yana da lissafi na uku, na naira. A ce duk wannan nauyi mai talla ce za ta ɗauka ita kaɗai, na'ura kuwa ba za ta ɗauki komai ba?

Maƙwabta sun gwada, ya yiwu

Kada wani ya ce mana abin ba ya yiwuwa sai a ƙasashen Turawa. Duk wanda ya yi ciniki a Sakkwato ko Kano ya san cewa in za ka tura kuɗi zuwa asusun banki a Najeriya, kana gama buga lambobi goma sunan mai asusun zai fito, ka karanta ko a karanta maka kafin ka amince. Ƴan kasuwarmu da dama sun saba da wannan a farkon 2023, lokacin da takardar naira ta yi wuya saboda sauyin kuɗi. Bugu da ƙari, lamba ta goma a asusun nan ba ta banza ba ce. Lissafi ne da aka ciro daga sauran lambobin, ta yadda in ka yi kuskuren ɗaya, sau da yawa na'ura za ta gane cewa lambar ba ta zauna daidai ba. Lambar waya ba ta da wannan mai gadi. Ka sauya biyu, sai ka faɗa aljihun wani bawan Allah a Difa ko Tera.

A Kenya, inda M-Pesa ta fara aiki a 2007, sun sha irin wannan kuka har kamfanin Safaricom ya fito da wani tsari a 2015 mai suna Hakikisha, kalmar Sawahili da ke nufin tabbatar, ƴar uwar haƙiƙa tamu. Kafin kuɗi su tafi sai sunan mai karɓa ya bayyana, a ba ka ƴan daƙiƙoƙi ka soke in ba shi ba ne. Ba sabuwar waya aka ce kowa ya saya ba. A can cikin na'urorin kamfani aka yi gyaran.

Masu cewa a'a

Adalci ne mu saurari masu ja da mu, domin suna da hujja. Na farko za su ce tuna baya tona asiri ne. Waya ɗaya mutum uku ke amfani da ita a gida. Matar da ke tura wa mahaifiyarta ɗan abin da ta samu, ko take zubin adashi, ba lalle ne ta so duk wanda ya ɗauki wayar ya ga jerin sunayen ba. Wannan gaskiya ne. Amma masu baƙin allo ma sun san da haka: kalmar sirri ba ta fitowa a allo in ana buga ta, ba ta shiga jerin abin da ake tunawa, kuma mutum na da ikon share jerin ko ya hana a ajiye wani layi. Mu ma haka muke so. Jerin ya kasance a bayan lambar sirri, kuma mai waya ce za ta ce a ajiye ko kada a ajiye.

Na biyu za su ce cikasa suna zai jawo sabon kuskure, tunda Abdu goma ne a wayar kowa. Amsar tana cikin abin da muka faɗa a baya. Na'urar kirki ba ta zaɓar maka. Ta nuna maka Abdu na Dogarawa da Abdu na Tsarnawa, kai ka nuna wanda kake nufi.

Na uku, kuma shi ya fi nauyi, za su ce me amfanin nuna suna ga wadda ba ta karatun boko? A nan ne muke ganin aikin namu ya wuce kwaikwayo. Kamfanonin da ke iya kiranmu da murya su tallata mana garaɓasa da Hausa, za su iya sa murya ta karanta mana adadin kuɗi da sunan mai karɓa da Hausa, ta ce jika saba'in da biyar za su tafi wurin wane, in kin yarda danna ɗaya. Kuma in za a rubuta Hausar a rubuta ta daidai. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kowannensu gurbi biyu yake ci a cikin na'ura, shi ya sa tsofaffin manhajoji kan goge rabin harafi su bar rabi. Readline ya koyi ƙirga irin waɗannan haruffa tun 2002. Abin da aka warware shekara ashirin da wani abu bai kamata ya zama uzuri yau ba.

Na huɗu za su ce ƙarin mataki ƙarin lokaci ne, ƙarin kashe kuɗi ne ga kamfani. To, a kan kowace aikawa ana cire musu ladansu, kuma ba mu ce kada a cira ba. Amma wanda ya karɓi ladan dako shi ke da alhakin kaya su isa inda aka nufa. Amana ita ce jarinsu. Uwar da ta rasa jika saba'in da biyar ta gaya mana ta koma ba direba kuɗi a hannu, kuma duk wadda ta ji labarinta a rumfa za ta yi tunani sau biyu.

Abin da muke nema

Muna kira ga kamfanonin waya da gidajen aika kuɗi, da hukumar ARCEP mai sa ido kan sadarwa, da babban bankin BCEAO wanda dokar kuɗin waya ke hannunsa, da su mayar da waɗannan abubuwa ƙa'ida ga kowa, ba kyautatawar wanda ya ga dama ba. A nuna sunan mai karɓa da adadin kuɗi kafin a nemi lambar sirri. A rarraba sifiri uku-uku yadda ido zai ƙirga su. A ba da lambar da za a danna a gyara abu ɗaya ba tare da an rushe sauran ba. A ba mutum damar ajiye mutanen da ya saba tura wa. A ba da ɗan lokacin sokewa bayan an aika, a kuma bayyana wa kowa, da Hausa, a radiyo, ƙofar da zai buga in kuskure ya riga ya auku. Wanda ya riga ya yi wani daga cikin waɗannan, madalla, ya cika sauran.

Haka nan a gaban kanta. Ma'aikacin da ke buga sunan mai karɓa ya juyo da allon, ko ya karanta da ƙarfi, kafin ya danna. Mun san yadda Mahamadu ke zama Mamadu, A'ishatu ta zama Aisata, a je karɓa a ce suna bai dace da katin shaida ba, tsohuwa ta yi asarar kuɗin mota da yini guda.

Shugabannin ƴan kasuwa da na ƙungiyoyin mata, ku ma kuna da baki. Yadda kuke zama da hukuma kan haraji da wurin rumfa, haka ya kamata ku zauna kan wannan. Ɗalibanmu na jami'ar Tawa da na Abdu Mumuni a Yamai kuwa, ku da kuka san baƙin allo, rumbunan nan a buɗe suke, ba mai tambayarku sisi. In kun tashi rubuta wa ɗan kasuwa manhajar lissafin shago ko ta adashi, ku ba shi abin da ku kanku ba za ku yarda ku yi aiki babu shi ba.

Kafin a gyara, mu gyara

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin masu na'ura su ji kiranmu, ga abin da ke hannunmu. Lambar wanda kuke ciniki da shi, a sa ta a waya tun ranar da babu gaggawa, a kira shi a ji muryarsa. In za a buga ta, a buga biyu-biyu, ɗaya na karantawa ɗaya na dubawa, sannan a sake bin ta tun daga farko. Sabon abokin ciniki a fara tura masa abu kaɗan, in ya ce ya gani a tura sauran. A faɗi kuɗin da dala, a faɗe su da faran, a ƙirga sifirin da yatsa. In layi ya yanke, ya yanke, gara a faro sau biyar da a aika sau ɗaya inda ba a nufa ba. Lambar sirri kuwa ko ɗan cikinka bai kamata ya riƙe maka ita ba, balle wanda ya bugo ya ce daga kamfani yake. Wanda kuma kuɗin wani suka faɗo wayarsa bisa kuskure, ya sani ba tsintuwa ba ce, haƙƙin mutane ne, kuma akwai ranar da za a tambaye shi.

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Shi ya sa mai hankali ke tauna ta kafin ya furta. Abin da muke roƙo bai wuce a bar yatsa ma ya tauna kafin ya furta ba. Masu kwamfuta sun ba kansu wannan dama tun 1989. Uwar da ke tashi da asuba ta tari motar Galmi ba ta fi su iya kauce wa kuskure ba, kuma jarinta bai kai nasu jure asara ba.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya sa albarka a cinikinmu, ya mayar wa wadda ta yi asara da mafi alheri. Sai mun sake haɗuwa a wannan fili.